Kafin ka hau kwalekwale a Yamai, waiwaya gabas

Da wuya baƙon da ya sauka Yamai daga Kano, Katsina ko Sakkwato ya cika wata guda ba a ja shi bakin kogi ba. Ko ɗalibi ne a Jami'ar Abdou Moumouni can Harobanda, ƙetaren kogi, ko ɗan kasuwa, ko amarya da ta biyo mijinta, wata rana abokai za su ce a zo a shiga kwalekwale a sha iska. Ku je, 'yan'uwa. Wanda bai ga Yamai daga tsakiyar kogin Isa, wato kogin Neja, ba, da saura a ganinsa. Abin da nake roƙo shi ne ku san halin hadarin garin nan kafin ku sa ƙafa a jirgi, musamman daga watan Mayu zuwa ƙarshen Satumba.

Za ku ce ai mun san hadari, a cikinsa muka girma. Gaskiya ne. Kowane Bahaushe ya san daga gabas yake tasowa, shi ya sa bangon gabas ne ke fara zaizayewa a gidan ƙasa. Amma sanin da muka yi masa na tudu ne, inda in ya haɗo sai ka kwashe shanya ka faɗa zaure. A tsakiyar kogi babu zauren da za ka faɗa, kuma lokacin da kake da shi bai kai yadda kake tsammani ba.

Manyan hadura na wannan yanki ba a kan Yamai suke haɗuwa ba. Da yawansu can gabas suke tasowa, wajen duwatsun Ayar na yankin Agadas da sauran tuddai, su jeru su doshi yamma da gudun da kan kai kilomita 50 a awa, wani lokaci ma fiye. Ku yi lissafin da kanku: hadarin da ke nesa da kilomita 10 zai iso cikin minti 12 ko kusa da haka, alhali jirgin da ake tuƙawa da hannu bai fi tafiyar ƙafa sauri ba. Kuma ba ruwa ke fara isowa ba, iska ce. A farkon damina, lokacin da ƙasa take busasshiya, iskar na zuwa da bangon ƙura ja wur, irin wanda ya rufe Yamai ranar 4 ga Mayun 2020, rana tsaka gari ya koma kamar dare. Ita wannan iska ta farko ce ke kifar da jirgi, tun kafin ɗigon ruwa ya taɓa ka.

Ga abin da ya fi damuna. Akasarin haduran nan cikin dare ko da asuba suke isowa Yamai, amma masu tasowa tsakanin la'asar da magariba su ne ke rutsawa da masu yawon shaƙatawa, don a daidai lokacin ne kowa ke son shiga ruwa ya kalli faɗuwar rana. Jirgi ya cika, kowa ya fuskanci yamma, waya a hannu ana ɗaukar hoto, hadari kuwa yana tahowa ta bayan ƙeya. Ƙari a kan haka, gaɓar da ke ɓangaren gari tana da tudu da gine-gine, sai su tare maka gabas, ba za ka hango baƙin hadarin ba sai ya riga ya yi sama. Saboda haka ku ɗora wa mutum ɗaya a cikinku aikin waiwaye. Ba wasa nake yi ba: a ce wane, kai ne mai duba gabas, kuma ya riƙa dubawa.

Alamomin ba ɓoyayyu ba ne. Zafi ya yi nauyi, iska ta ɗauke cak, ganye ko motsi ba ya yi. Can sai ka ji wata iska mai sanyi da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. In ta kai ga haka, an riga an makara da shawara, sai dai a nufi gaɓa. Tun kafin nan ku dubi mutanen bakin kogi. Masu wankin da ke shanya kaya kusa da gadar Kennedy, in kuka ga sun miƙe suna tattare zannuwa da sauri suna cusawa a buhu, ko masunta suna naɗe koma suna jan jiragensu kan yashi, to sun ga abin da ba ku gani ba. In kuma an fara walƙiya, ku ƙirga daƙiƙu tsakaninta da ƙarar tsawa. Kowane daƙiƙa 3 kilomita ɗaya ne. Ƙasa da daƙiƙa 30 na nufin aradu na iya kai wa gare ku, mutumin da ke zaune a fili kan ruwa kuwa shi ne abu mafi tsawo a wurin.

Yanzu maganar mai jirgi, wadda a ganina ta fi duk sauran muhimmanci. Mutanen nan, Sarkawa da Zabarmawa da suka gaji sana'ar, sun san kogin fiye da duk abin da wayarka za ta faɗa maka, kuma yawancinsu suna jin Hausa. Sai dai su ma masu neman abinci ne. In mai jirgi ya san za a rage masa kuɗi don ya dawo da wuri, zai iya danne abin da zuciyarsa ke gaya masa ya ci gaba. Ku cire masa wannan damuwar tun a gaɓa. In kun yi ciniki, ko jika (wato sefa dubu) nawa ne, ku ce masa: "Baba, in ka ga gari ya canza ka juya da mu, kuɗinka cikakke ne." In kuma ya dubi sama ya ce yau ba za a shiga ba, kada wani matashi ya tsaya yi masa gardama, kada kuma ku tafi neman wani da zai yarda. Wanda ya yarda ɗin ba fin sani ya yi ba, fin buƙata ya yi.

Ku dubi jirgin ma kafin ku hau. In an cika shi har ruwa ya kusa bakinsa, ku jira wani. Ku tambayi abin kwalfe ruwa, ko rabin jarka ne da aka yanke. Rigar kariya ba a kowane jirgi ake samunta ba, don haka iyalin da ke son wannan yawo su nemi tasu, ta yara kafin ta manya. Babbar riga da dogon hijabi da zani in sun jiƙe nauyi suke yi, su nannaɗe ƙafa, har wanda ya iya iyo sai ya kasa. A sa kaya marasa nauyi, suturar da ba za ta hana motsi ba.

To, in ta rutsa da ku fa? Kogin a Yamai daga arewa maso yamma yake gangarawa kudu maso gabas, iskar gabas kuwa sai ta bugi ruwan a karkace, ta tayar da igiyoyi gajeru masu tsini, ta riƙa tura jirgi wajen Harobanda. Kada ku matsa wa mai jirgi sai ya mai da ku inda kuka ajiye mota ko babur. Gaɓar da ta fi kusa ita ce taku, ko tsibiri ne, daga baya a san yadda za a koma gida. Kowa ya sauko ya zauna a cikin jirgin, kada a miƙe, kada a ruga gefe guda. Jiragen yawon da aka yi wa rumfar tabarma ko tampol sun fi daɗi a rana, amma rumfar nan kama iska take yi, in akwai hali a yaye ta da wuri. Idan jirgi ya kife, a riƙe shi, domin na katako sau da yawa ba ya nutsewa gaba ɗaya, kuma masu ceto sun fi saurin hango jirgi a kan kan mutum. Jarka marar komai da aka rufe bakinta tana ɗaukar mutum. Wanda ruwa ya raba da jirgi kada ya yi kokawa da shi, ya bi shi yana karkatawa gaɓa. In kun fita, kada ku fake ƙarƙashin doguwar bishiya. Lambar 'yan kwana-kwana a Nijar 18 ce. Ku adana ta, wayar kuma a ɗaure ta cikin leda.

Wurin fita ma mai jirgi ne zai zaɓa, saboda dorina. Akwai su a wannan yanki na kogin, kuma a Nuwamban 2014 wata ta kifar da jirgi a Libore, kusa da Yamai, mutum 13 suka rasu, 12 daga cikinsu yara. Allah ya jiƙan su.

Agusta da Satumba kuwa shawarata ku haƙura da yawon kwata-kwata. Lokacin ne rafukan da ke gangarowa daga Burkina Faso, irin su Sirba, ke juye jan ruwansu a kogin, ya cika ya yi ƙarfi, yana tafe da itatuwa da ciyayi. A Satumban 2020 tsayinsa a Yamai ya kai mita 7, ya fasa madatsa ya shiga unguwanni irin su Lamorde. Ko sama tana garau, ruwan da aka yi jiya a wani wuri mai nisa yana iya isowa yau.

Mai son yawon cikin kwanciyar hankali ya jira Disamba zuwa Fabrairu. A lokacin ruwan da ya taso tun daga Gini, ya ratsa Mali, yake isowa Yamai, kogi ya cika ya yi faɗi, hadari kuma ya tafi. Abin lura a nan shi ne hazon hunturu, wanda kan rufe gaɓa har ka kasa gane inda ka baro, da kuma zurfin ruwan da sanyinsa. Ranar da hazo ya yi kauri a ɗaga tafiyar. Masu son zarcewa har Bubon, inda kasuwa ke ci ranar Laraba, su fara tambayar mutanen gari halin tsaron hanya, su bar wa wani a gida sunan wurin da suka hau jirgi da lokacin da za su dawo.