Yadda za ka jira dawowar Yesu kana aiki a Saudiyya

Toh 'yan'uwa a cikin Almasihu da ke Riyad da Jidda da Dammam, direbobi da nas-nas da masu aikin gida, da ku nake.

Da farko dai ka daina lissafin rana. Tun da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, sai ga na Gaza a Oktoba, saƙonni suka cika WhatsApp wai alamu sun cika, wai wani annabi ya ga shekarar a mafarki, a tura wa mutum goma. Kar ka tura. Ba yau farau ba, mabiyan wani mai wa'azi William Miller a Amurka sun zauna jiran dawowar Yesu ranar 22 ga Oktoba 1844 wasu ko amfanin gonarsu ba su girbe ba, gari ya waye lafiya lau. Wani mai wa'azin rediyo Harold Camping shi ma ya sa 21 ga Mayu 2011, mutane suka kwashe ajiyarsu suka zuba a allunan talla, daga baya shi da bakinsa ya ce ya yi kuskure. Matiyu 24:36 ya ce ba wanda ya san ranar ko sa'ar, ko mala'iku, sai Uba kaɗai, to shi mai kwanan watan ya fi mala'iku sani ke nan? In Mama ce ta turo daga gida ka kira ta, ka gaishe ta tukuna, sannan ka buɗe mata ayar a hankali.

Sai aiki, nan ne ainihin jiran yake a ganina. Bawan da aka yaba a Matiyu 24:46 maigidansa kan aiki ya tarar da shi. A Tasalonika ma wasu sun ajiye aiki suna shisshigi a harkokin mutane, Bulus ya ce wanda ya ƙi aiki kar ya ci. Ke da kike wanki kika tsinci riyal hamsin a aljihun jallabiyar maigida, ki ajiye masa a kan tebur ko da bai san ya ɓata ba. Kai direba da aka aika baƙala, wato kantin unguwa, ka dawo da canji cif cif. Ka biya bashin da ka ci kafin ka hau jirgi, ka tura kuɗin makarantar yara kan lokaci. Amma fa aminci ba wai a taka ka ka yi shiru ba ne, in kafil, wato maigidan da ya ɗauki nauyin zamanka, ya danne albashi akwai ofishin ƙwadago, akwai ofishin jakadancin Najeriya a Riyad da ƙaramin ofishin a Jidda, ka duba iƙamarka ma, wato katin izinin zama, kar ta mutu.

Zumunta ce mai wuya. Babu majami'a a ƙasar nan, Lahadi ranar aiki ce, hutu Juma'a da Asabar. Ga shi muna gaban Najeriya da awa biyu, sujadar ƙarfe 9 a Jos ƙarfe 11 ce a nan kana tsakiyar aiki. To ka ajiye bidiyon ka kalla da dare, safiyar Juma'a kuma ka ware ta, ku biyu ko uku a waya ko a ɗaki ba hayaniya, Ibraniyawa 10:25 ta ce mu ƙara ƙarfafa juna ganin ranar tana gabatowa. Banda wa'azi a titi ko raba takardu, dokar ƙasa ta hana, kuma kar ka ɗora hoton kowa a Facebook.

Ka sauke Littafi Mai Tsarki na Hausa a waya yadda zai buɗe ko ba data. Ka fara da Matiyu 24 da 25, sai 1 Tasalonikawa 4 da 5, sai 2 Bitrus 3 don ranar da zuciya ta ce an daɗe. 'Yar'uwa in madam tana karɓe waya da rana, ki haddace aya ɗaya da dare ki wuni kina maimaita ta a kicin. Daniyel a baƙuwar ƙasa sau uku yake durƙusawa a rana, mu kuma sau biyar muke jin kiran salla, duk sanda ladan ya kira ka yi taka addu'ar a zuci, ka sa masu gidan da kake wa aiki a ciki.