Idan dama ta faɗo wa ƙungiyarku ba zato: yadda shugaba Kirista zai auna ta kafin ya amsa

Wani ya ba da kyautar gini ko fili. Mai ba da tallafi ya kira ya ce akwai ragowar kuɗi da dole su fita kafin shekarar kasafinsu ta ƙare. Wata ƙungiya da ke shirin rufewa ta nemi ku gaji aikinta. Irin waɗannan su ne tsuntsu daga sama gasasshe ga shugaban ƙungiyar agaji ta Kirista, kuma halinsu ɗaya: wa'adinsu gajere ne, nauyinsu kuwa sai an sa hannu yake bayyana.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun kafin kowa ya kira ku, ku tanadi asusun ajiya da zai biya albashi da haya na wata 3 zuwa 6. Kwamitin amintattu ya ba mutum uku izini a rubuce, wato shugaba, ma'aji da ɗaya daga cikin amintattu, su yanke shawara cikin kwana uku a kan abin da bai wuce wani kaso na kasafin shekara ba, misali kashi 10 cikin 100. Abin da ya haura haka sai cikakken zama. Sannan ku haɗa takardar rajista, rahoton binciken kuɗi na shekara biyu da suka wuce, da ayyuka biyu ko uku da kuka daɗe kuna son yi, kowanne a shafi ɗaya da kuɗinsa. Nehemiya ya yi addu'a a gaban sarki sa'ad da aka tambaye shi abin da yake so, amma nan take ya faɗi lokacin da zai ɗauka, ya roƙi wasiƙu zuwa ga masu mulkin lardi da katako daga kurmin sarki. Lissafinsa a shirye yake tun kafin tambayar.

Ranar da tayin ya zo, kada ku amsa a waya. Ku yi godiya, ku nemi a turo shi a rubuce, ku faɗi ranar da za ku ba da amsa. Ku sa shi cikin addu'a tare da waɗanda ba sa jin nauyin ce muku a'a, domin sau da yawa shugaba yakan kira zumuɗinsa buɗaɗɗiyar ƙofa daga Ubangiji. Sai ku ɗauko manufar ƙungiyar kamar yadda take a takarda: idan sai an lanƙwasa ta kafin aikin ya shiga, wannan ba naku ba ne.

Lissafi ne wurin da aka fi faɗuwa. Kyautar gini tana zuwa da gyaran rufi, mai gadi, wuta, ruwa, inshora, wani lokaci har da bashin haraji ko rigimar gado. Lauya ya duba takardun mallaka, masanin gini ya zagaya shi, ku fitar da kuɗin riƙe shi na shekara uku, ku kuma tambaya ko an yarda ku sayar idan ya fi ƙarfinku. Tallafin kuɗi ma yana da nasa tarkon. Yawancinsa ƙayyadadde ne, ba a taɓa shi sai don aikin da aka ambata, saboda haka idan ba ku sa kuɗin gudanarwa cikin kasafin ba, akanta da man mota da rubuta rahoto za su ci daga baikon da ikkilisiyoyi suka bayar don wani aiki dabam. Ku tambaya kuma ko ana ba da kuɗin tun farko ko sai kun kashe a mayar muku. Ƙungiya kan iya samun babban tallafi amma ta kasa biyan albashi, don kuɗin tallafin sun makara wata biyu.

Ku karanta sharuɗɗan da suka shafi bangaskiya da kyau. Masu ba da tallafi da yawa, musamman na gwamnati, ba sa yarda a yi wa'azi da kuɗinsu, ko a sa halartar sujada ta zama sharaɗin samun taimako. Ana iya aiki da su idan an raba lokaci, wuri da asusu tsakanin agaji da bishara. Abin da ba ya yiwuwa shi ne ku sa hannu da niyyar kauce wa sharaɗin daga baya. Ranar da aka gano, kuɗi da suna za su tafi tare.

Mai kyautar da ba ku sani ba, ku bincike shi. Wanda ya ce ku biya wani abu kafin a sako kuɗin, ko ya turo fiye da alkawari ya ce ku mayar da rarar wani asusu, ɗan damfara ne. Idan kuma tayin ya fito daga ɗan'uwan wani amintacce, shi amintaccen ya fita daga ɗakin lokacin yanke shawara, a rubuta hakan cikin bayanan zama.

In kun amince, ku fara da gwajin kwana 90, da mutum ɗaya da alhakin yake wuyansa, da ma'auni biyu ko uku da za a duba a ƙarshe. Sababbin ma'aikata a ɗauke su kwantiragi daidai tsawon tallafin, a faɗa musu gaskiya tun ranar farko. Yarjejeniyar ta nuna yadda kowane ɓangare zai janye da sanarwar kwana 30 ko 60, da wanda zai riƙe kayan aiki bayan haka. In kuwa kun ƙi, ku rubuta wa mai tayin dalilinku cikin mako guda, ku nuna masa ƙungiyar da aikin ya fi dacewa da ita, ku kuma haɗa masa da ɗaya daga cikin shafukan ayyukan nan da kuka tanada.