Yadda Asibiti Zai Gindaya wa Ƙirƙirarriyar Basira Sharuɗɗa a Sashen Lafiyar Ƙwaƙwalwa

Kafin shugaban asibiti ya amince a shigo da manhajar ƙirƙirarriyar basira sashen masu larurar ƙwaƙwalwa, ya kamata ya fara raba aikin gida biyu a rubuce, wato wanda na'ura za ta taɓa da wanda ba ta da hurumi a cikinsa. Jihar Illinois ta Amurka ta yi irin wannan rabo a dokar da Gwamna Pritzker ya sa wa hannu a watan Agustan 2025, inda aka bar wa na'ura ayyuka irin su tsara ranakun ganin likita da adana bayanai, amma aka haramta mata yanke hukuncin magani ko zama a madadin ƙwararre, kuma tarar saɓa wa dokar tana kaiwa dala 10,000.

Daga nan sai batun yarda. A gaya wa majiyyaci da baki, a harshen da yake ji, cewa abin da ke amsa masa ba mutum ba ne, sannan a ba shi damar ƙi ba tare da hakan ya rage masa kulawa ba. A Najeriya, Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sanya bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman, don haka a tambayi kamfanin da ya ƙera manhajar inda yake ajiye hirar da kuma ko yana horar da na'urarsa da ita, a kuma shigar da amsar cikin kwangila.

Gwaji ne matakin da ya fi cancantar a ba shi lokaci. Mai damuwa a ƙasar Hausa ba kasafai yake fitowa fili ya ce zai halaka kansa ba. Yakan ce ya gaji da duniya, ko ya shiga neman yafiyar mutane ba gaira ba dalili. Likitoci da ma'aikatan jinya su tattara irin waɗannan kalamai daga abin da suka saba ji, su jarraba manhajar da su, har da Hausar da aka gauraya da Turanci. Idan ta wuce su ba ta ankarar da ma'aikaci ba, to kada a bar ta ta yi magana da majiyyaci kai tsaye. A maimaita gwajin duk lokacin da kamfani ya sabunta manhajar, kuma a rubuta sunan likitan da ke da ikon dakatar da ita nan take.