Yadda Ake Kare Amya Daga Ɓeraye a Lokacin Hunturu

Garin Jos yana kan tudu mai tsayin kimanin mita 1,200, shi ya sa sanyinsa ya sha bamban da na sauran garuruwan Arewa, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Idan sanyi ya sauko ƙasa da digiri 14, ƙudan zuma sukan dunƙule a kan saƙa domin su ɗumama 'ya'yansu, sai ƙofar amya ta zama ba mai gadi. A daidai wannan lokaci an kwashe masara da acca daga gona, ana ta ƙona daji, ɓera kuma ya rasa abinci da mafaka. Amya kuwa ga ɗumi, ga duhu, ga zuma, saboda haka can yake nufa.

Ɓarnar ɓera ba ta tsaya ga shan zuma ba. Yakan gaigaye saƙa, ya jawo ciyawa da tsumma ya yi sheƙa a lungu, ya ɓata wurin da kashi da fitsari. Zumarmu ta Afirka ba ta jure takura, da zarar wari da damuwa sun yi yawa sai ta tashi gaba ɗaya ta bar wa mai kiwo akwati fanko, kuma a ganina wannan ita ce asarar da ta fi ciwo, domin wahalar shekara guda ce take tafiya a wuni ɗaya.

Aikin yana farawa ne tun watan Nuwamba, kafin sanyi ya kankama. A zaɓi yammacin da rana take da sauran zafi, a sa kayan kariya, a busa hayaƙi kaɗan, sannan a buɗe amyar a duba ƙasanta da kusurwoyinta. Baƙin kashi mai kama da ƙwayar shinkafa, da ɓarɓashin kaki a bakin ƙofa, da gawar ƙudan zuma da aka cinye rabinta, duk alamu ne cewa baƙo ya riga ya shiga. Wajibi ne a fitar da shi da sheƙarsa, a yanke saƙar da ya ɓata a zubar, kafin a taɓa ƙofa, domin wanda ya rufe ƙofa ɓera yana ciki ya kulle ɓarawo ne a rumbu.

Daga nan sai a rage ƙofa, kuma nan ne ake bukatar natsuwa. Ɓera yana iya kutsawa ta tsagar da faɗinta bai wuce kaurin fensir ba, muddin tana da tsawon da zai baje jikinsa, amma zagayayyen rami mai faɗin milimita 8 zuwa 9 yana hana shi, alhali ƙudan zuma suna wucewa ba wahala. A samu guntun kwanon rufi, a kai wa maƙeri ya huda ramuka shida zuwa takwas a jere, a goge bakinsu da zarto kada su yage fukafukan zuma, sannan a kafa shi da ƙusa a kan ƙofar. Katako ba ya wannan aiki, domin haƙorin ɓera yana faɗaɗa shi cikin 'yan kwanaki. Kada kuma a matse ramukan fiye da haka da sunan ƙarin tsaro. A rani ne mangwaro da ɗorawa da kaɗanya suke fure, idan rami ya yi ƙanƙanta sai garin furen da zuma ta ɗauko a ƙafafunta ya kakkaɓe a bakin ƙofa, 'ya'yanta su rasa abinci. Tsagewar da iskar hunturu take yi wa katako ita ma ƙofa ce, a nemi kafinta ya toshe ta da falle na kwano, a kuma danne murfi da dutse.

Amyar da take zaune a ƙasa tana gayyatar ɓera da gara da tururuwa. A ɗora ta a kan ƙafafun ƙarfe masu tsayin kamar rabin mita ko fiye, a kifa buɗaɗɗen gwangwani a saman kowace ƙafa, ko kuma a rataye ta da waya a shafa wa wayar giris. A nome ciyawar da take kewaye har tazarar mita biyu, wanda hakan zai kare ta daga wutar daji ma, a sare reshen da yake taɓa murfi. Amyar gargajiya ta ciyawa da ake ɗorawa a bishiya, a sake yaɓe bakinta da laka a bar ƙaramar kafa. Akwatunan da babu ƙudan zuma a ciki su ne ɓera ya fi so, a toshe su ruf har lokacin da za a kafa su.

Ina jan kunnen masu kiwo game da guba. Shinkafar ɓera tana kashe kaji da kyanwa da mujiya, mujiya kuwa ita ce take rage ɓerayen gona kyauta. Maganin feshi irin su otafiyafiya kuma zumar zai fara hallakawa, ya gurɓata abin da mutane za su sha. Tarko ya wadatar, a ɗana shi da ƙuli-ƙuli a ƙarƙashin kwando kusa da ƙafar amya.

Kowane mako a leƙa da safe, a zare matattun ƙudan da suka toshe ramukan da tsinke. Idan zafi ya shigo a watan Maris, aka ga zuma tana cunkoso a ƙofa, sai a cire kwanon a adana shi domin Nuwamba mai zuwa.