Yadda matuƙin jirgin feshi zai kauce wa ƙarewar mai, da abin yi in inji ya ɗauke

Jirgin feshin gona, irin su Piper Pawnee da Air Tractor, yakan yi aiki ne kimanin mita 3 kacal a saman shuka. In inji ya ɗauke a nan, daƙiƙu ƙalilan ne tsakaninka da ƙasa. Don haka tun jirgi yana tsaye za ka fara shiri.

Buɗe murfin tanki ka auna man da sandar awo, da hannunka. Allurar gej, mai nuna yawan mai a tanki, ba abar dogaro ba ce, rawa take yi a duk kwanar da ka sha. Sai ka mai da man nan lokaci. A ce jirginka yana shan lita 60 a awa, kana da lita 120, awa biyu ke nan a takarda. Cire minti 30 na ajiya, wanda shi ne mafi ƙarancin abin da dokar Amurka ta amince da shi in da rana ake tashi, saura awa ɗaya da rabi. Rubuta lokacin saukarka a inda ido zai riƙa faɗawa.

Inda aka fi yin tuntuɓe shi ne wurin ɗaukar magani. Ana sauka sau da yawa a yini, sau tari ba a kashe inji, hankalin kowa yana kan tankin magani, mai kuwa ba kowace sauka ake zubawa ba. Matuƙi ya ɗauka an zuba, mai lodi ya ɗauka ba a buƙata. Ka tambaya da baki: lita nawa ka zuba? Kuma in lokacin da ka rubuta ya cika, juya, ko da layi biyu ne suka rage a gonar. Waɗannan layi biyun sun sha kayar da ƙwararru.

To, in inji ya fara tari fa? Yi amfani da saurin da ya rage ka ɗan ɗaga sama, sannan ka sauke hanci kada jirgin ya rasa iskar da ke riƙe da shi. Ja hannun zubar da kaya maganin ya tafi, ka kuma shirya, hanci zai so ɗagawa da zarar nauyin ya ragu. In jirginka yana da makunnin sauya tanki da famfon taimako, gwada su sau ɗaya.

Kada ka yi yunƙurin komawa filin jirgi. Zaɓi abin da ke gabanka, ka sauka tare da kunyoyi, domin in ka gitta su tayoyi za su iya kafewa jirgin ya kife. Wayar lantarki ba ta ganuwa da wuri, turakunta za ka nema.

Kafin taɓa ƙasa, rufe mai, kashe wutar jirgi, ƙara ɗaure bel. Yana tsayawa ka fice ta ɓangaren da iska ke fitowa, ka tuɓe duk tufar da magani ya jiƙa, ka wanke jiki da ruwa mai yawa.