Sabon takalmi na cin ƙafa: inda ake kuskure da yadda za a gyara

"Zai buɗe, Alhaji, ai fata ce." Da wannan magana ake shawo kan mutane su biya kuɗin takalmin da tun a shago yake matse su. Fata tana buɗewa, amma ta faɗi ne, kuma kaɗan. Tsawo ba ya ƙaruwa. In babban yatsa yana tokarar gaban takalmi yau, haka zai ci gaba da tokara har takalmin ya mutu. Na roba da aka yi wa kamannin fata kuwa, ko ta faɗin ma da ƙyar yake saki.

Saboda haka yawancin ciwon daga kasuwa ake sayo shi. Mutum ya gwada ƙafa ɗaya, a zaune, da sassafe, ya ce ya yi daidai. Alhali ƙafa tana ɗan kumbura in an wuni ana tafiya, kuma galibi ɗaya ta fi ɗaya girma. A je da yamma, a sa duka biyun, a miƙe a taka. A bar fili kamar faɗin babban yatsan hannu tsakanin yatsan da ya fi tsawo da gaban takalmin. Kada a dogara da lamba kawai: 42 na Turai kusan 8 ne na Ingila, kuma ko lamba ɗaya ce, yankan wannan kamfani daban da na wancan. Sau-ciki kuma a gwada shi da irin safar da za a riƙa sawa.

Kuskuren da ya fi ba ni takaici shi ne ajiye sabon takalmi a kwali sai ranar Sallah ko biki. Ka ga yaro ya tafi filin idi yana taƙama, ya dawo da takalmi a hannu, dunduniya ta saluɓe. Haka maniyyata da ke ɓare sabo fil a Mina, ga doguwar tafiya zuwa wurin jifa. A fara sawa a gida tun saura mako biyu, rabin awa zuwa awa ɗaya a rana, da safa mai kauri, ana ƙara lokaci a hankali. Da an ji wani wuri ya soma zafi, a cire. Wannan zafin shi ne sallamar bororo.

Wasu kan jiƙa takalmin fata sharkaf su shanya a rana. Wannan yana busar da fatar ta tsattsage, gam ɗin ma ya saki. Gara a shafa ɗan man kaɗanya daga ciki, daidai inda ya yi tauri, a murza da hannu. In ya ƙi, a kai wa baduku ya buɗa wurin.

Filasta kuma kafin ciwo ake manna ta a dunduniya. In bororo ya riga ya fito, kada a fasa shi da allura ko reza, a wanke, a rufe, a huta da takalmin har ya warke. Mai ciwon suga ya ƙara kula sosai, domin cutar tana iya kashe jin ƙafa, takalmi ya yi ta ci bai sani ba. Ya duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu duk lokacin da ya cire, in ya ga rauni ko ja da bai baje ba, ya nufi asibiti a ranar.