Yadda Ake Gane Ma'anar Kalmar "Churn" a Turanci

Duk mai karanta jaridun Turanci, musamman shafukan kasuwanci, zai riƙa cin karo da kalmar "churn", kuma ma'anarta takan sauya gwargwadon kalmomin da ke kusa da ita.

Da farko, ka riƙe asalinta a zuciya. Sunan mazubin da Turawan Ingila ke kaɗa madara a ciki ne don su fitar da man shanu, kuma aikin kaɗawar ma haka ake kiransa. Wanda ya taɓa ganin Bafulatana tana jijjiga gora har mai ya taru ya riga ya san hoton da sauran ma'anonin suka fito daga gare shi, wato motsi mai maimaituwa ba hutawa.

Daga nan sai ka duba kalmar da ta biyo baya. Idan "out" ce, ana nufin fitar da abu da yawa cikin gaggawa, kamar masana'antar da ke zubo takalma dubbai a rana ko marubucin da ke sakin littafi duk wata. A nan ne masu koyo suka fi kuskure, domin sau da yawa akwai ɗan zagi a kasuwa a cikinta, cewa an fifita yawa a kan inganci. Saboda haka kada ka yi amfani da ita wajen yaba wa shugabanka a wasiƙa.

Idan kuwa "rate" ce ta biyo, magana ta koma kan masu hulɗa da kamfani da suka watsar da shi. Lissafin ba wuya: kamfanin da ya shiga wata da mutum 1,000, sannan 50 suka fice kafin ƙarshensa, ya yi asarar kashi 5 cikin 100. Kamfanonin waya suna sa ido sosai a kan wannan adadi, balle tun 2013 da aka ba 'yan Najeriya damar komawa wani kamfani ba tare da sauya lamba ba. Haka ake faɗa game da ma'aikatan da ke yawan barin aiki.

A ƙarshe, idan ciki aka ambata tare da ita, ba kasuwanci ake nufi ba, hautsinewar ciki ce saboda fargaba ko tashin zuciya.